Raba wa sifika aiki: Yadda ɗalibi zai zaɓi kurosoba mai araha a Dutsin-Ma da Kurfi

Tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ta riga ta zama a garin, ɗakunan haya na ɗalibai suka yawaita, kayan sauti ma suka yawaita tare da su. Haɗin da matasa suka fi yi a yanzu kusan iri ɗaya ne, ko a ɗakin ɗalibi a Dutsin-Ma, ko a gidan kallon ƙwallo a Kurfi, ko a zauren taron makarantar sakandare: ƙananan sifikoki biyu irin waɗanda ake ɗorawa a kan kanta ko tebur, da babbar sifika guda a ƙasa wadda ake kira wufa, sai amfilifaya da wayar salula.

Kukan da ake yi da wannan haɗi shi ma kusan iri ɗaya ne. Da an ƙara murya sai ƙananan sifikokin su fara karkarwa kamar ana kaɗa kwano, maganar mai sharhin ƙwallo ko ta mai jawabi ta dagule, bayan 'yan makonni kuma ɗaya ta fara warin ƙuna ta yi shiru. Sai a ɗora wa sifikar laifi, a ce jabu ce, a sake tara kuɗi a sayo wata, ita ma ta bi sahun 'yar uwarta. Ga ɗalibin da ke lallaɓa kuɗin abinci da na kwafin takardu, wannan asara ce babba.

Sau da yawa sifikar ba ta da laifin komai. An ɗora mata Dala ba gammo ne. Abin da ya ɓace a haɗin wata 'yar na'ura ce da masu gyara ke kira kurosoba, wato mai raba sauti. A wannan makon mun kawo muku bayanin aikinta, da hanyoyin samunta tun daga wadda ba a kashe ko kwabo har zuwa mai tsada, da tambaya guda ɗaya wadda idan kuka yi ta a gaban mai shago za ta tsare muku kuɗinku.

Sauti kala-kala ne

Sauti girgizar iska ce. Ana auna shi da yawan kaɗawar da iskar ke yi a sakan ɗaya, ma'aunin kuwa shi ne Hz, daga sunan masanin kimiyyar nan na Jamus, Heinrich Hertz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga wajen Hz 20 zuwa Hz 20,000. Ƙananan lambobi su ne sauti mai kauri, irin rugugin aradu ko amon tambarin fada wanda mutum ke ji har a ƙirjinsa. Manyan lambobi su ne siririn sauti, irin na sarewa ko kukan tsuntsu. Kalangu da muryar mutum suna tsakiya. Tushen muryar namiji baligi yakan kama daga Hz 85 zuwa 180, ta mace daga 165 zuwa 255, amma abin da ke sa a rarrabe kalma da kalma yana can sama, tsakanin Hz 1,000 da 4,000.

Sifikar da muke amfani da ita yau, mai faifan takarda da kwayil da maganaɗisu, ta samo asali ne daga aikin injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, a 1925. Tun daga lokacin matsala ɗaya ba ta gushe ba: faifai ɗaya ba ya iya fitar da dukkan sauti da kyau. Babba ya yi nauyi ga siririn sauti, ƙarami kuma ba ya iya tura iskar da sauti mai kauri ke bukata.

Aikin kurosoba kenan. Ku ɗauke ta kamar ɗan sandan hanya a mararraba: manyan motoci su bi nan, babura su bi can. Sauti mai kauri, wanda matasa ke kira bes, ta tura shi ga wufa. Murya da sauran sauti ta tura su ga ƙananan sifikoki. Lambar Hz ɗin da aka yi rabon a kanta ita za mu riƙa kira mararraba.

Abin da ke kashe ƙaramar sifika

Ga wani lissafi da ya kamata kowane mai kayan sauti ya sani. Idan ana son ƙarar ta tsaya yadda take, duk lokacin da lambar Hz ta ragu da rabi sai faifan sifika ya yi tafiya gaba da baya ninki huɗu. Faifan da ke motsa milimita ɗaya a Hz 80 zai bukaci milimita huɗu a Hz 40, da milimita 16 a Hz 20. Ƙaramar sifika mai inci huɗu ba ta da wannan sarari. Idan aka matsa mata, kwayil ɗinta ya riƙa dukan ƙasa, ya yi zafi, gam ɗin da ya riƙe wayar ya narke, shi kenan.

Wufa mai inci 12 kuwa faɗin faifanta ya ninka na mai inci huɗu kusan sau tara. Iskar da ƙaramar za ta yi ta fafutuka kafin ta tura, ita da ɗan motsi kaɗan ta gama. Shi ya sa idan aka ɗauke wa ƙananan sifikoki bes, abu uku ke faruwa a lokaci guda: murya ta washe, a iya ƙara sauti ba tare da karkarwa ba, sifikokin kuma su daɗe.

Rabin aiki da cikakken aiki

A nan ne mafi yawan masu saye ke faɗawa rami. Kurosoba tana da ƙofa biyu. Ƙofa ta farko tana barin sauti mai kauri ya wuce zuwa wufa, ta tare siriri. A jikin na'ura za ku ga an rubuta mata LPF. Ƙofa ta biyu tana barin siririn sauti ya wuce zuwa ƙananan sifikoki, ta tare bes. Ita kuma ana rubuta mata HPF.

Kayan araha da yawa ƙofar farko kawai gare su. Za ku ga maɓallin murɗawa a bayan wufa an rubuta lambobi daga 50 zuwa 150 ko 200, mai shago ya ce ai ga kurosoba nan a ciki. Gaskiya ne, amma ta wufa ce kaɗai. Tana hana wufa yin magana, ba ta hana bes isa ga ƙananan sifikoki. Suna nan suna ɗauke da kayan da aka sayi wufa domin ta sauke musu.

Don haka tambayar da za ku yi kafin ku zaro kuɗi ita ce: wannan na'urar tana cire wa ƙananan sifikoki bes, ko wufa kawai take tacewa? Idan mai shago bai gane ba, ku nemi harufan HPF a jikin na'urar ko a takardarta. Idan babu, rabin aiki za ku saya.

A wace lamba za a raba?

Lambar da ta fi shahara a duniya ita ce Hz 80. Kamfanin THX, wanda aka kafa a 1983 a ƙarƙashin kamfanin fina-finai na George Lucas a Amurka domin daidaita sautin gidajen silima, shi ya yaɗa ta a kayan kallon fim na gida. Akwai dalili. Sauti yana gudun mita 343 a sakan ɗaya a yanayi mai sanyi-sanyi, a zafin bazara irin namu ma ya ɗan fi haka. Idan aka raba 343 da 80, za a ga tsawon igiyar sauti ɗaya a Hz 80 ya haura mita huɗu, wato ya kai ko ya fi tsawon ɗakin ɗalibi. Sautin da ya yi wannan tsawo, kunne ba ya iya gane ta inda ya fito. Shi ya sa wufa ɗaya ta isa, kuma ba dole sai an ajiye ta a tsakiya ba.

Sai dai Hz 80 ta dace ne da sifika mai ɗan jiki. Ga yadda za ku fara, kafin kunnenku ya yanke hukunci: idan faifan ƙaramar sifikarku ya kai inci shida ko shida da rabi, ku fara da Hz 80. Idan inci biyar ne, 90 zuwa 100. Idan inci huɗu ne, 100 zuwa 120. Idan inci uku ne, 150 ko sama. Ku tuna, da zarar mararraba ta haura Hz 120, kunne zai fara gane inda wufa take, har a ji ɓurɓushin muryar maza a cikinta. A irin wannan hali sai a ajiye ta a gaba, tsakanin ƙananan biyun.

Akwai kuma batun kaifin rabo. Kurosoba ba ta yanke sauti kamar wuƙa, gangarowa take yi da shi. Ana rubuta kaifin gangaren da lamba 6 ko 12 ko 24 dB. Mai 6 idan aka saita ta a Hz 80, ƙarfin lantarkin da zai isa sifika a Hz 40 ya ragu da kusan rabi kawai. Mai 24 kuwa sai ya koma kusan kashi ɗaya cikin 16. Tsarin da aka fi yabawa a masu 24 shi ne na Linkwitz da Riley, injiniyoyi biyu na kamfanin Hewlett-Packard, wanda Siegfried Linkwitz ya wallafa bayaninsa a 1976. Idan kun ga sunayen nan a jikin kwali, alama ce mai kyau. Ga ɗaki ɗaya dai, mai 12 ta wadatar.

Hanya ta farko: duba abin da ke hannu

Kafin a je kasuwa a fara leƙa bayan kayan da ake da su. Tsofaffin amfilifayoyin kallon fim na gida, irin su Yamaha da Sony da Pioneer da Denon waɗanda ake kawowa na hannu daga waje, yawancinsu suna da cikakkiyar kurosoba a cikin jerin saitinsu. A shiga wurin saita sifika, a zaɓi kalmar Small ga sifikokin gaba, a nuna akwai wufa, a zaɓi lamba. An gama, ba a kashe ko sisi ba. Wasu wufofi masu amfilifaya a jikinsu kuma suna da wurin shigar waya da wurin fita zuwa ƙananan sifikoki, wasunsu suna tace bes a wannan mafita, wasu ba sa yi. Gwaji ne zai nuna, za mu zo kansa.

Hanya ta biyu: kafasita ɗaya a kan waya

Ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare masu karanta Fiziks sun san wannan daga darasin lantarki mai kai-komo, wanda ke cikin manhajar WAEC da NECO: kafasita tana tare kaɗawa mai jinkiri, ta bar mai sauri ta wuce. Idan aka saka ta a jere a kan jar wayar da ke zuwa ƙaramar sifika, ta zama ƙofar HPF mai kaifi 6.

Lissafin shi ne C = 1 ÷ (2 × 3.14 × f × R), inda f ke nufin mararraba, R kuma om ɗin sifika. Ga sifika mai om 8 da mararrabar Hz 100, amsar ita ce kusan maikurofarad 200. Ga mai om 4, kusan 400. Om ɗin yana rubuce a bayan sifika. Idan ya goge, a sa mai gyara ya auna da mitarsa: mai om 8 takan nuna tsakanin 6 da 7, mai om 4 kuma 3 da ɗoriya.

Dole kafasitar ta zama marar kai da gindi, wadda aka rubuta wa NP ko BP, mai jure bolt 50 ko fiye. Idan ba a samu ba, a ɗauki na gama-gari biyu masu lamba ɗaya, a haɗa ƙafafunsu na ragi wuri guda, a yi amfani da ƙafafun tarawa biyun da suka rage. Ƙarfinsu zai koma rabi: biyu masu 470 za su ba da 235, wanda ke raba sauti a wajen Hz 85 ga sifika mai om 8. Mai gyaran rediyo zai iya ciro irinsu daga matattun kaya. Kada a sa kafasitar fanka. Ita takan tsaya ne a maikurofarad biyu ko biyu da rabi, idan aka saka ta sai komai ya ɓace ban da tsiwar sama, domin mararrabarta za ta tashi zuwa wajen Hz 8,000.

Wannan hanya ita ce mafi araha a cikin na saye, amma tana da iyaka. Om ɗin sifika ba ya tsayawa wuri ɗaya, yakan yi tsalle sama a daidai yankin bes, don haka tacewar ba ta kai yadda lissafi ya nuna. Taimako ne, ba cikakken tsaro ba.

Akwai dabara mafi tsafta ga wanda ke da amfilifaya biyu, ɗaya ta ƙananan sifikoki ɗaya ta wufa. A saka 'yar ƙaramar kafasita a kan wayar da ke shiga amfilifayar ƙananan, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Idan mashigar amfilifayar om 10,000 ce, kafasita mai nanofarad 150 za ta raba a wajen Hz 106, mai 220 kuma a wajen 72. Idan om 47,000 ce, mai nanofarad 33 za ta ba da wajen Hz 103. Sai a tabbata wayar wufa ta rabu tun kafin kafasitar, don ita ta samu besinta cikakke.

Wani zai ce, to me zai hana a yi wa wufa tata ƙofar da kwayil? Ana yi, amma wufa mai om 8 tana bukatar kwayil mai milihenri 16 kafin ta raba a Hz 80. Wannan tulin wayar tagulla ne mai nauyi da tsada, ga cin wuta. Kuɗinsa gara a ƙara a kan hanya ta gaba.

Hanya ta uku: amfilifayar mota

A ganinmu, ga mai zama a Kurfi ko ƙauyukan kewayen Dutsin-Ma inda aka fi dogara da batir da sola, wannan ce ta fi dacewa. Amfilifayar mota mai layi huɗu tana aiki da bolt 12, kuma galibinsu suna zuwa da maɓallin HPF da LPF tare da wurin murɗa lamba. Layi na ɗaya da na biyu a sa su a HPF a ba ƙananan sifikoki. Na uku da na huɗu a sa su a LPF, a haɗe su wuri guda kamar yadda zanen jikinta ya nuna, a ba wufa. Na'ura ɗaya ta yi aikin amfilifaya biyu da kurosoba.

Sharuɗɗanta huɗu ne. Idan an haɗe layi biyu, wufar kada ta gaza om 4. Wayar batir ta zama mai kauri, da fis kusa da kan batir, domin waya siririya na iya ɗaukar zafi ta tada gobara. Ƙaramar mahaɗar da aka rubuta wa REM sai an ba ta bolt 12 ta makunni kafin amfilifayar ta tashi. Sannan kada a jona ta kai tsaye a solar da aka haɗa a kan bolt 24.

Hanya ta huɗu: ƙananan alluna

Akwai ƙananan allunan amfilifaya da suka cika kasuwa, waɗanda ake rubuta wa 2.1, wato sifika biyu da wufa ɗaya. Da yawansu an gina su ne a kan ƙwayar TPA3116D2 ta kamfanin Texas Instruments, wadda ke aiki daga bolt 4.5 zuwa 26. Ba sa zafi sosai, ba sa cin batir, cajar laftof mai bolt 19 ma tana tada su. Amma a kula da abu biyu. Na farko, da yawa daga cikinsu rabin aikin nan suke yi, wufa kawai suke tacewa, don haka sai a ƙara musu kafasita a kan wayoyin ƙananan sifikoki. Na biyu, wat ɗin da ake rubutawa a talla ba ya samuwa a bolt 12. Da batirin bolt 12, tsaftataccen sautin da kowane layi zai bayar ga sifika mai om 4 ba zai wuce wat 18 ba. Idan aka matsa fiye da haka sautin zai fashe, fasasshen sauti kuwa shi ke ƙona tuwita, wato 'yar mitsitsiyar sifikar da ke fitar da siririn sauti.

Hanya ta biyar: ta masu taro

Ga makarantar da ke da babban zaure, ko matashin da ke son shiga sana'ar ba da hayar kayan sauti a bukukuwa da walimar saukar karatu, akwai kurosoba mai zaman kanta wadda ake sakawa tsakanin mikisa da amfilifayoyi. Behringer CX2310 da dbx 223 suna cikin sanannu, dukkansu da kaifi 24 na tsarin Linkwitz da Riley. Akwai kuma irin su miniDSP da ake saitawa da kwamfuta. Suna aiki cikakke, amma suna bukatar amfilifaya biyu da wayoyi na musamman, kuɗinsu kuma yana bin dala. Ga ɗaki ɗaya, wannan sayen raƙumi ne don ɗaukar buhu guda.

Tarkon da ke kasuwa

Wasu kayan ana samunsu wurin masu gyara da masu kayan lantarki a Dutsin-Ma, musamman ranar kasuwar Laraba. Waɗanda ba a samu ba sai Katsina, ko kasuwar Sabon Gari a Kano. Mutanen Kurfi da ke kan hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma suna da zaɓi biyu. Ko ina za ku je, ku kiyayi waɗannan.

Akwai ɗan allo mai kwayil da kafasita da ake sayarwa da sunan kurosoba, mai araha ƙwarai. Yawancin irinsa na cikin akwatin sifika ne, yana raba sauti tsakanin faifai da tuwita a wajen Hz 2,000 zuwa 4,000. Ba shi da alaƙa da wufa. Ku duba lambar da ke jikinsa, idan ta dubbai ce ku ajiye. Ku kuma bar wanda ke cikin ƙananan sifikokinku yadda yake, aikinsa daban.

Kada lambar wat mai harufan PMPO ta ruɗe ku. Lambar talla ce. Wadda ake dogara da ita ita ce mai RMS.

Kayan hannu da aka kawo daga Amurka na bolt 120 ne, na Japan na bolt 100, wutarmu kuwa 230 ce. Ku karanta bayan na'ura kafin a jona, idan ba haka ba a minti ɗaya za ta tashi aiki. Irin waɗannan sai da taransifoma mai rage wuta.

Araha ba ta ado, in ji Hausawa, amma tsada ma ba shaidar inganci ba ce. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku sauke manhajar da ke fitar da sautin gwaji a waya, akwai su kyauta. A shagon, ku sa sautin Hz 50 a hankali, ku ɗora yatsa a gefen faifan ƙaramar sifika. Idan yana rawa sosai alhali an ce an kunna HPF, ƙofar ba ta aiki ko babu ita. Idan ya lafa, wufa kuma ta ɗauka, kun samu abin da kuka zo nema.

Saiti bayan an dawo gida

Ku fara da wufa a kashe. Ku sa abin da kunnenku ya saba da shi, labarai ko karatu ko waƙar da kuka sani, ku saita ƙananan sifikoki har murya ta fito tas. Sannan ku kunna wufa, ku sa lambarta daidai da ta ƙananan, ku riƙa ƙara ta kaɗan-kaɗan har ku ji sautin ya cika, sai ku ɗan rage. Idan baƙo ya shigo ya nuna wufar da yatsa tun daga bakin ƙofa, ta yi yawa.

Bayan haka ku sa sautin gwaji a daidai lambar mararraba, ku juya maɓallin da aka rubuta wa 0 da 180, ko ku sauya ja da baƙar wayar wufa idan ba ta da amfilifaya a jikinta. Inda sautin ya fi cika a wurin zamanku, nan ne daidai. A ɗaya ɓangaren wufa na turawa ƙananan na ja, suna kashe wa juna aiki.

Wurin ajiya ma yana da tasiri. Kusurwar ɗaki tana ƙara bes ba tare da ƙarin wuta ba, amma takan sa shi ya yi gunji. Ku gwada wuri biyu ko uku. Ƙananan kuma su kasance daidai tsayin kunne. Ku bar wa amfilifaya sararin shan iska, ku rufe ta da ƙyalle idan ba ta aiki, musamman da hunturu lokacin ƙura. Idan janareta ake amfani da shi, a bari ya daidaita kafin a kunna kaya, a kuma kashe su kafin a kashe shi.

Kunne ba shi da shagon gyara

Sautin da ya washe yana da daɗin ƙarawa, a nan kuma wani haɗarin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na fuskantar barazanar raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Ma'aunin da ta bayar ga baligi shi ne dB 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako, kuma duk ƙarin dB uku yana rage lokacin da rabi. Idan sai kun ɗaga murya kafin na kusa da ku ya ji, ko kunnenku na ƙara bayan an kashe, kun wuce gona da iri.

Sannan bes yana ratsa bango fiye da kowane sauti. Abin da kuke ji daidai a ɗakinku, maƙwabcin da ke karatun jarrabawa ko dattijon da ke son barci dukan bango kawai yake ji. A rage da dare, a kashe lokacin salla. Haƙƙin maƙwabtaka ya fi kowace waƙa.

Aiki ga kulob ɗin kimiyya

Muna ba malaman Fiziks da shugabannin kulob ɗin JETS na makarantun Dutsin-Ma da Kurfi shawara su mayar da wannan darasi aikin hannu. Abin da ake bukata kaɗan ne: tsohuwar sifika, ƙaramar amfilifaya, kafasita uku masu lamba daban-daban, mitar awo da waya mai sautin gwaji. Ɗalibai su lissafa mararrabar kowace kafasita a takarda, su auna bolt ɗin da ke isa sifika a Hz 50 da 100 da 200 da 400, su zana jadawali, sannan su tattauna dalilin da ya sa awo ya ɗan saɓa wa lissafi. Wanda ya yi wannan da hannunsa ba zai manta da darasin ba a zauren jarrabawa, kuma ya kama hanyar sana'ar da ake nema a kowane masallaci da makaranta da wurin biki.

Ga mai shirin zuwa kasuwa kuma, ya rubuta abu huɗu a takarda ya sa a aljihu: inci nawa ne ƙananan sifikokinsa, om nawa ne, wufarsa tana da amfilifaya a jiki ko babu, da wace wuta zai yi amfani, ta KEDCO ko batir. Da waɗannan amsoshi da tambayar HPF, mai shago zai san ya gamu da wanda ya san abin da yake nema. Kulob ɗin da ya gwada aikin ya rubuto mana sakamakonsa, za mu buga a wannan shafi.